Laftof ɗin Kawu da Linux Lite: abin da na gani a sati biyun farko

Saura ƙiris 'yan kondem su tafi da laftof ɗin Kawu. Ranar wata Asabar bayan la'asar na shiga gaishe shi a unguwar Aboabo ta nan Kumasi, sai na tarar da ita a bakin ƙofa an ɗora ta kan wata tsohuwar fanka da wani rediyo da ya daɗe da mutuwa, wai jira ake yaran nan masu tura kura suna kiran kondem kondem su zo wucewa a miƙa musu, ko nawa suka bayar a karɓa. Na ce Kawu lafiya, me ta yi? Ya ce ai ɗana wannan ta gama nata, in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba, in kuma ta farka na taɓa abu ɗaya sai ta tsaya cak tana huci kamar wadda ta hau tudu da kaya. Wallahi abin ya taɓa ni, don na san abin da ke cikin na'urar nan. Kawu shi ke riƙe da wata ƙaramar makarantar islamiyya a unguwa, sunayen yara, wanda ya biya kuɗin wata da wanda bai biya ba, takardun jarabawa na shekara da shekaru, hotunan saukar karatu, duk suna ciki. Kuma na san inda za ta ƙare in ta bi kura, duk wanda ya taɓa bi ta Dagomba Line ya ga hayaƙin da ke tashi in ana ƙona waya don a cire jan ƙarfe ya san abin da nake nufi. Na ce Kawu ka ba ni ita kwana uku, in ta ƙi sai mu kira 'yan kondem ɗin da kanmu.

Ni ba injiniya ba ne. A shagon buga takardu da fotokofi nake aiki, abin da na iya a kwamfuta aiki ne ya koya mini, sai kuma tambaya. Laftof ɗin irin hom yus ɗin nan ce, wato na hannu da ake kawowa daga waje, da ake samu a Adum, Core i3 tsohon yayi, ram giga 4, had dis ɗinta kuma mai juyawa ne, in ka kara kunne kana jin ƙararsa, batir ɗin ba ya riƙe wuta fiye da 'yan mintoci. Windows 10 ce a kai. To ita Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025 aka rufe tallafinta na yau da kullum, wato gyare-gyaren tsaro da suke zuwa kowane wata sun tsaya ga yawancin mutane, ita kuma Windows 11 tana neman wani abu da ake kira TPM 2.0 da kuma firosesa na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ta Kawu kuwa ba ta kusa da nan ba. Kuma ba ita kaɗai ba ce, ku duba laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shago a zangon nan, da yawansu haka suke.

Wani abokina da ya yi karatu a Tech, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, shi ya fara nuna mini Ubuntu shekarun baya, na kalla na ce to, na wuce, don a lokacin ban ga abin da zan yi da ita ba. Shi na kira ranar da daddare. Ya ce Ubuntu za ta yi wa wannan na'ura nauyi, ya lissafo mini Linux Mint da Zorin, sannan ya ce akwai wata da ba a cika maganarta ba, Linux Lite, in gwada ta tunda wanda zai yi amfani da ita dattijo ne da hannunsa ya saba da Windows. Ban taɓa jin sunan ba sai ranar.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, bari in faɗe shi yadda na fahimta. Shi Linux ainihinsa inji ne kawai na can ciki, wanda wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara a 1991, sai mutane daban-daban suke ɗaukar injin su haɗa masa jiki, kowa da nasa salon. Kamar wake da shinkafa ne, waakye dai, kayan haɗin ɗaya ne amma ta mai sayarwa a Alabar daban ta mai sayarwa a Tafo daban, kowa da hannunsa. Akwai Debian, tsohuwa ce tun 1993, daga cikinta aka fitar da Ubuntu a 2004 wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa, daga Ubuntu kuma wani mutumin Niyu Zilan mai suna Jerry Bezencon ya fitar da Linux Lite a 2012, kuma tun farko niyyarsa ke nan, a samu abin da mutumin Windows zai zauna a gabansa bai rikice ba, kuma tsohuwar na'ura ta iya ɗauka. Wadda na sauke ita ce ta jerin 7, sunanta Galena, an gina ta kan Ubuntu 24.04, wadda za a ci gaba da aiko mata gyaran tsaro har 2029. Wannan 2029 ɗin ita ta fara kwantar mini da hankali.

Fayil ɗin wajen giga 3 ne, don haka sai da na jira bandil ɗin dare, na sa shi ya yi ta saukowa ina gyangyaɗi a kansa. Da safe a shago na ɗora shi kan filash mai giga 8 da wata 'yar manhaja da ake kira Rufus. Amma kafin komai, kuma don Allah duk mai niyyar yin wannan ya riƙe wannan, sai da na kwashe duk kayan Kawu zuwa wani filash daban, na buɗe su a kwamfutar shago na tabbatar suna buɗuwa, don in ka zaɓi a goge had dis to an goge ke nan, babu kuka babu roƙo. Kwashewar ma ta fi awa ɗaya saboda yadda na'urar ke jan ƙafa.

Abu na farko da ya burge ni tun kafin in girka komai: kana iya kunna ta daga filash ɗin kai tsaye, ka shiga ka zagaya ka taɓa ko'ina, ba ta taɓa abin da ke cikin had dis ɗinka ba. Kamar a ba ka riga ka gwada a gaban tela kafin ka biya. Da allon ya buɗe na ɗan yi shiru ina kallo, don na zaci zan ga baƙin allo da rubutu yana gudu irin wanda ake nunawa a fim, sai ga shi maɓallin Menu yana ƙasa hannun hagu inda kowa ya saba neman Start, agogo da alamar sauti da ta intanet suna ƙasa hannun dama, ga kwandon shara ga jakar fayiloli a kan allo. Sunan wannan fuskar Xfce, ba ta da ƙyale-ƙyale, ba tagogi masu shawagi ba wani walƙiya, kuma shi ya sa ba ta da nauyi. Na gwada sauti ya yi, na gwada kibod ya yi, na sa bidiyo a VLC ya yi. Wayfai ne kawai shiru, ko sunan netwok ɗaya bai nuna ba. Na ce to, za mu zo kanka.

Girkawar kanta ba wani abu, tambayoyi ne 'yan kaɗan: wane harshe, wane irin kibod, a goge had dis ko a ajiye ta gefen Windows, sai taswira ta fito ka danna inda kake, na danna Accra, sai suna da kalmar sirri. Na je na sayo koko da ƙosai na dawo na tarar ta kusa gamawa.

Da ta tashi karon farko daga had dis sai wata taga ta tarbe ni, Lite Welcome, kuma gaskiya a nan na gane cewa wanda ya tsara abin nan ya taɓa zama kusa da sabon shiga ya ga inda yake tuntuɓe. Ba ta barinka kana zare ido, jeri ta yi maka: fara sauke sabuntawa, sannan ka duba direbobin na'ura, wato 'yan manhajojin da ke sa sassanta aiki, sannan ka ajiye madogara da za ka iya komawa in abu ya lalace, sannan harshe. Kowanne da maɓallinsa. Matsalar ita ce na farko da na biyu duk intanet suke so, wayfai kuma ba ya aiki sai an sauke direbansa, direban kuma yana intanet. Na ɗan zauna ina tunani sai na tuna waya, na haɗa ta da kebul ɗin caji na kunna raba intanet ta USB, kafin in ɗago kai laftof ta kama, ba ta tambaye ni komai ba. Na shiga wajen direbobi ta yi bincike ta nuna mini na katin wayfai ɗin, na zaɓa, na sake kunnawa, sai ga sunayen netwok na maƙwabta sun jeru reras. Wanda ba shi da wanda zai faɗa masa dabarar wayar nan zai iya tsayawa a nan ya ce abin ba ya aiki, shi ya sa na faɗe ta.

Sai dumso, wato ɗauke wutar nan tamu, ta yi nata. Ina tsakiyar sauke sabuntawa aka ɗauke wuta, batir ya riƙe na ɗan lokaci ya saki, allo ya yi baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi sosai, don na san katse irin wannan aiki a tsakiya ba ƙaramin abu ba ne. Da aka dawo da wuta wajen magariba na kunna da bismillah, ta tashi lafiya, amma da na ce ta ci gaba da sabuntawar sai ta ƙi, ta ce an katse wani aiki. Abokina ya ce in buɗe taminal, wato baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, in gwada daga can in karanta abin da za ta ce. Na yi, sai ita da kanta ta rubuto mini maganin, wai in buga sudo dpkg --configure -a. Na kwafa harafi da harafi, ta nemi kalmar sirri, kuma ku sani in kana buga kalmar sirri a taminal ba ka ganin komai ko ɗigo, ba lalacewa ba ce haka aka yi shi, na danna Enter rubutu ya yi ta gudu na 'yan mintoci, shi ke nan ta warke. Tun daga ranar na daina jin tsoron baƙar tagar. Nan take kuma na koma na ajiye madogarar nan da manhajar Timeshift. Da na yi natsuwa da na jira lokacin da wuta ta fi zama kafin in fara sabuntawar.

Maganar sauri kuwa, ba zan ce ta koma sabuwa ba, had dis mai juyawa mai juyawa ne. Amma yanzu kafin ka gyara zama ka jawo kujera ta gama tashi, in ka danna jakar fayil tana buɗewa a lokacin, fankar ciki ta daina wannan hucin. Na duba ram ba a buɗe komai ba, abin da take ci bai kai giga 1 ba, saura duk naka ne.

Duk wannan ni ne a gabanta, ni kuwa ko ba komai kullum ina tare da kwamfuta. Gwajin gaske shi ne Kawu. Ranar Talata bayan isha'i na kai masa, na ajiye kan tabarma na kunna ban ce masa komai ba, so nake in ga inda hannunsa zai je. Ya gyara tabarau, ya kama linzami, kai tsaye ya gangara ƙasa hannun hagu ya danna Menu. Ya ce ina Word ɗina? Na nuna masa LibreOffice Writer na ce ga madadinsa, kyauta yake zuwa da ita, har da na lissafi irin Excel wanda ake kira Calc. Ya buɗe rajistar yara, sunaye suka fito a layinsu, kuɗin wata a gefensu, jimilla a ƙasa daidai. Ya gyaɗa kai. Sai ya ce to ɗana, nawa ne kuɗin wannan ɗin, kuma yaushe za ta fara rubuto mini cewa in biya? Na ce Kawu babu, ba kuma ta sata ba ce, haka masu ita suka sake ta, lasisinta ma cewa ya yi kowa na iya duba yadda aka ƙera ta ya gyara ya raba wa wasu. Ya ce to su me suke ci? Na ce wasu gudummawa ake ba su, wasu kamfanoni ne ke biyansu albashi don su ma suna amfani da abin, wasu kuma sa kai ne kawai. Na ba shi labarin yadda ta fito daga Ubuntu, Ubuntu daga Debian, ya yi murmushi ya ce ashe su ma suna da salsala, wane ya karɓa daga wane. Ya yi musu addu'a, har da wanda ke Niyu Zilan ɗin, ya ce Allah ya saka masa.

Daga nan muka shiga abin da ya fi damunsa, Larabci. Rabin aikin Kawu da Larabci yake yi, tambayoyin fiƙihu da hadisi da nahawu, kuma tun zamanin Windows ya manna 'yan sitika na haruffan Larabci a kan maɓallan, har wasu sun goge saboda dannawa. Ƙara kibod ɗin Larabci bai ba ni wahala ba, cikin saitin kibod ne ka ƙara harshe ka zaɓi maɓallan da za ka riƙa juyawa da su, kuma haruffan suka faɗa daidai kan sitikarsa, ba ta sauya masa wuri ba. Inda muka ɗan daɗe shi ne cikin Writer. Yana bugawa haruffa suna fitowa suna haɗuwa da kyau, amma layin yana manne a hagu, aya kuma tana faɗawa inda ba nan ne wurinta ba. Ashe sai ka shiga saitin harsuna na LibreOffice ka kunna wani zaɓi na rubutu irin na Larabci, ka ce Larabci kake so, sannan maɓallan nan biyu na dama-zuwa-hagu da hagu-zuwa-dama su bayyana a sama. Da na kunna, layi ya koma dama ya zauna daram. Sai kuma ya ce rubutun bai yi masa kyau a ido ba, siriri ne, wasulla kuma suna hawa kan juna, yara ƙanana ba za su iya bambance fataha da shadda ba in an yi fotokofi. Gaskiyarsa ne, ni da nake fotokofin na san yadda siririn rubutu ke ɓacewa a kwafi na biyu. Na nemo wani salon rubutu mai suna Amiri, wanda wani Bamisire Khaled Hosny ya zana bisa tsarin haruffan tsohuwar maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira, shi ma kyauta ne kuma yana cikin rumbun Ubuntu, layi ɗaya na buga a taminal, sudo apt install fonts-hosny-amiri, ya sauko. Da muka juya takardar zuwa Amiri muka ƙara girma, Kawu ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya bi basmala da yatsa daga farko har ƙarshe, kowane wasali a mazauninsa, ya ce yauwa, wannan shi ne rubutun littafi. Ya ƙara da cewa ba irin namu na allo ba ne dai, da yake mu fa'unmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, amma yaran islamiyya da wannan suka saba a littattafansu don haka ya yi. Mun kai kusan sha ɗaya na dare a kan wannan, har Mma ta aiko a ga ko lafiya ban dawo ba.

A cikin wannan saitin kibod ɗin ne na ci karo da abin da ban zata ba. Ina gangarawa cikin jerin ƙasashe na zo kan Gana, sai ga Akan, ga Ewe, ga Ga, ga Fula, ga kuma Hausa, Hausa ta Gana da sunanta, ban da ta Najeriya da ke can ƙarƙashin tata ƙasar. Na daɗe ina kallon layin nan. Mu da kullum in an yi maganar Hausa a intanet sai a ce Kano ko Zinder, mu na zango kamar ba a san da mu ba, ashe wani ya zauna ya sa mu a lissafi. Na kunna na gwada, sai dai wasu haruffan sun bar inda hannuna ya san su, ina neman wannan wani na fitowa, don haka ban bar wa Kawu shi ba don kada ya rikice, Turanci da Larabci kawai na bar masa. Ni dai zan zauna da shi a hankali in koya, don na gaji da rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya.

To amma kada in yi ta yabo in ɓoye inda takalmin ke matsi. Menu da saiti da littafin taimako da ke cikinta, duk da Turanci muka yi su. Littafin yana da kyau ƙwarai, da hotuna mataki-mataki, amma dattijon da Turancinsa na gaisuwa ne da karanta rasit ba zai amfana da shi ba sai da wani a gefe. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, aikin fassara na masu harshe ne, mu ne ba mu zauna mun yi ba, kuma abin yana cina tun ranar.

Na biyu, burauzar da take zuwa da ita Chrome ce. Sun koma kanta ne tun jerin 6 a 2022, lokacin da Ubuntu ta sauya yadda take kawo Firefox. Ga sabon shiga hakan ya yi, don ita ya sani a waya, WhatsApp na kwamfuta da YouTube da Gmail duk suna tafiya lafiya. Amma shafukan intanet na yanzu suna da ci, in ka buɗe bakwai takwas a kan ram giga 4 za ka ji na'urar ta fara nishi, babu Linux ɗin da zai hana wannan. Na ce wa Kawu in ya gama da shafi ya rufe shi. In Allah ya hore kuma zan sa mata SSD, wato had dis marar juyawa mai sauri, in ƙara ram, wannan ne zai ƙarasa aikin.

Na uku, kuma wannan ya shafi irinmu masu shagon bugu: babu CorelDraw, babu Photoshop. Akwai GIMP a ciki, ana iya sauke Inkscape, kuma suna aiki, na gwada haɗa katin walima a Inkscape ya fito, amma abin da nake yi cikin minti goma ya ci mini kusan awa, ga kwastoma kuma fayil ɗin Corel yake kawowa yana tsaye a kanka yana duba agogo. Don haka kwamfutar shago tana nan yadda take, ban taɓa ta ba kuma ba zan ba mai irin aikina shawarar ya yi gaggawa ba. Haka takardun Word da wasu ke turowa, in masu sauƙi ne suna buɗuwa lafiya, in kuwa an cika su da tebur da akwatuna da salon rubutun da babu shi a nan, sai ka ga layi ya zame shafi ɗaya ya zama biyu. Maganin da na koya wa Kawu shi ne duk abin da zai kai bugu ya mai da shi PDF tukuna, maɓalli ɗaya ne a sama, ta haka yadda ya gan shi a gida haka zai fito a takarda ko a wace kwamfuta aka buɗe.

Akwai kuma yawan tambayar kalmar sirri. Duk lokacin da za a girka wani abu ko a yi sabuntawa sai ta tambaya. Da farko Kawu ya ce wannan ba ta yarda da mutane ba ne? Na ce ai shi ne amfaninta, jikokinka ba za su iya cika ta da tarkace ba in ba ka nan. Ya ce a bar shi haka.

Wani abu da na ji daɗinsa wanda sai mai yawo da filash zai gane: bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli ya bar maka gajerun hanyoyi na ƙarya, wanda kusan duk filash ɗin da ya zaga shagunan bugu sai ya kwaso shi. Na soka filash ɗin Kawu a Linux Lite sai ga su nan tsirara, fayilolin bairos ɗin a gefe ba su iya motsi don an yi su ne domin Windows, ga kuma ainihin takardunsa da ya ɗauka sun ɓace tun bara suna nan cikin wata jaka. Na kwashe masa na goge sauran. Amma a kula, don bai kama ta ba ba shi ke nuna ba za ka iya kai wa wani ba in ka bar shi a filash ɗin.

Sauran 'yan kayan da ke ciki ban daɗe a kansu ba. Lite Software jerin manhajoji ne da aka zaɓo, ka yi alama ka danna girka, ba sai ka shiga intanet kana farautar fayil a shafukan da ba ka yarda da su ba. Lite Tweaks kuma na share-share ne, yana kwashe tarkacen da ya taru. Na taɓa su sau ɗaya sau biyu sun yi abin da aka ce suna yi.

Yau kwana goma sha huɗu ke nan tana hannunsa. Na sa ido in ga sau nawa zai kira ni, sau biyu ne. Na farko sauti ne ya ɗauke, ashe wani jikansa ne ya danna maɓallin shiru. Na biyu wata taga ce ta fito tana cewa akwai sabuntawa, yake tambaya ko ya yarda, na ce ya yarda amma ya duba tukuna ko wuta tana da alamar zama, kuma caja na jiki. Shekaranjiya da safe ya aiko wani almajirinsa shago da filash a cikin ambulan, ya rubuta a bayan ambulan ɗin kwafi arba'in. Na buɗe, jarabawar fiƙihu ce ta aji uku, PDF, shafi biyu, rubutun Amiri baƙi sosai da wasullansa, har ya sa layin da yaro zai rubuta sunansa a sama ta hannun dama, shi kaɗai ya yi abinsa ba wanda ya taya shi. Na buga na haɗa da sitefla na ba yaron. Da zai tafi ya ce Malam ya ce in gaya maka ladanin masallacinmu ma yana da wata a gida da ta daina tashi, wai ko za ka leƙa bayan sallar Juma'a, ka taho da filash ɗin nan naka.